Sunan Da Ke Jikin Agrema

Shafi na 23

Masu cika min waya da zagin Dawuda tun shekaranjiya, ku ɗan sassauta masa. Ƙaltume ta Marwa har murya ta turo min ta minti huɗu, wai in ban raba auren nan ba ita za ta shigo mota ta zo Garwa ta raba. To ki yi zamanki inda kike, ga na yau.

*

Ƙarfe takwas da rabi Dawuda ya ɗaga ƙofar shagon, kuma kamar kullum abin da idonsa ya fara sauka a kai shi ne takardar nan da ke cikin gilashi a jikin bango.

Agrema. Izinin hukuma na sakawa da gyaran tukwanen kashe gobara.

A tsakiyarta, da manyan baƙaƙe, sunan matarsa: HINDU GONI.

Shekara goma sha shida yana wannan sana'a a Garwa. Babu gidan mai, babu otel, babu sito na auduga daga nan har Gider da bai taɓa rataya jar tukunya a cikinsa ba. Sai aka tsaurara doka bayan gobarar da ta cinye rabin wata kasuwa, aka ce duk shagon da ba shi da agrema a rufe shi, agrema kuma ba a ba da ita sai shago yana da wanda ya ci jarrabawar aikin. Sau biyu Dawuda ya zauna jarrabawar, sau biyu Faransanci ya kayar da shi. Hindu, wadda shi da hannunsa ya koya mata yadda ake riƙe sifana, ta zauna sau ɗaya ta ci.

Wata bakwai ke nan takardar tana bangon.

Ya kawar da kai ya fara jera tukwane.

Bai kai ga ta biyar ba mota ta tsaya a bakin shagon. Alhaji Bobbo ne, mai gidajen mai uku a hanyar Gider, tsohon mai kawo masa aiki.

"Jam na, Dawuda?"

"Jam, Alhaji. Sannu da hanya. Bismillah ga kujera."

Alhaji bai zauna ba. Leƙen bayan shagon yake yi.

"Madam tana ciki?"

"Tana ciki. Me ake bukata? Faɗa min."

"A'a, bari dai ta fito. Maganar takarda ce."

Dawuda ya ajiye tukunyar da ke hannunsa a hankali.

"Alhaji, shekara tara ni nake hawa babur in je Gider in duba maka tukwane. Har ranar da ruwa ya cinye hanya na je."

"Wa ya musa? Hannunka babu irinsa a Garwa. Amma mutanen inshora ba hannu suke dubawa ba, suna suke dubawa."

Labulen baya ya motsa, Hindu ta fito da shuɗiyar rigar aiki a kan atamfarta, tana goge farin garin da ake cika tukwanen da shi daga yatsunta. Nan da nan fuskar Alhaji ta washe. Ya gaishe ta da Fulatanci, ya sake gaishe ta da Faransanci, ya zaro takardu daga aljihun babbar riga. Sabon gidan mai zai buɗe, yana son ta je da kanta ta faɗi inda za a rataya kowace tukunya. Kuma akwai wata ƙungiyar agaji da ke da sito a Kolofata, sun tambaye shi shago mai agrema, ya ba su sunanta.

"Sai mun yi shawara da Malam," in ji Hindu, tana nuna mijinta da ido.

Alhaji ya yi dariya ya dafa kafaɗar Dawuda.

"Kai dai ka yi sa'ar mata. Na wasu gado da kwanuka suke kawowa, taka agrema ta kawo."

Dawuda ya yi murmushi, don babu yadda zai yi. Har motar ta bar layin murmushin yana manne a fuskarsa kamar an ɗinka shi.

"Malam, ka ji maganar Kolofata?" in ji Hindu. "In ya tabbata, sai mun ƙara injin cikawa."

"Ke aka ba."

"Mu aka ba."

"Ban ji ya ambaci sunana ba."

Ta buɗe baki za ta amsa, sai wata farar mota mai lambar gwamnati ta tsaya daidai inda ta Alhaji ta tashi.

Mace ce ta fito, doguwa, da tabarau da jakar takardu a hammata. Hindu ta san ta. Madam Denise ce, daga ofishin da ke ba da agrema kuma yake bin diddigin masu ita. A unguwar Yelwa ta girma cikin Hausawa, don haka Hausarta ba ta da gargada sai ɗan karin harshe.

"Madam Hindu, ina kwana. Mesiye, ina kwana."

"Lafiya lau, Madam. Ai ban san yau za ku zo ba," in ji Hindu.

"Da kin sani ai ba bincike ba ne."

Ta shigo ta tsaya a tsakiyar shagon tana kallon komai ɗaya bayan ɗaya: sikeli, babbar tukunyar iskar da ake cika ƙanana da ita, buhunan gari, takardar da ke bango.

Dawuda ya ɗauki tsumma ya fara goge teburin da ya riga ya goge.

"An kawo mana ƙorafi a kan shagon nan," in ji Madam Denise. "Kafin in ce komai, ina son in ga abu ɗaya da idona."

Ta zagaya lungun da ake tara tukwanen da aka kawo gyara, ta tsallake sababbin, ta nuna wata tsohuwa mai kilo shida wadda jan fentinta ya koɗe.

"Wannan. Ki kwance ta, ki duba, ki cika, ki rufe. Ke kaɗai." Ta juya. "Mesiye, ka koma bakin ƙofa. Kada ka yi magana, kada ka yi nuni."

A shagonsa. Shagon da shi ya zuba simintin ƙasansa.

Ya koma bakin ƙofa ya tsaya.

Hindu ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta sa safar hannu. Ta fara sauke ragowar iskar da ke ciki har allurar agogon ta kwanta. Ta ɗaure tukunyar a maƙalar tebur, ta ɗora sifana a wuyanta, ta ja.

Kan bai motsa ba.

Ta sake ja, jijiyar wuyanta ta fito. Ko gezau.

Madam Denise ta rubuta wani abu a takardarta.

Allah ya sani, a wannan lokacin wani sanyi ya ratsa ƙirjin Dawuda. Sanyin daɗi. Ya san tukunyar nan, ta wani gidan burodi ce, zafin tanda ya sa kanta ya kafe. Jira kawai yake ta ɗago ta dube shi, ta ce Malam zo ka taimaka, a gaban matar gwamnati.

Ba ta ɗago ba.

Ta ajiye sifanar, ta ɗauko ɗan guduman katako, ta bubbuga wuyan tukunyar sau uku a zagaye, ba da ƙarfi ba. Ta ɗiga mai. Ta jira kamar ƙirga goma. Ta mayar da sifana ta tura da tafin hannu maimakon ja.

Kan ya saki.

Dabararsa ce. Wani tsoho ne ya koya masa ita a Duwala lokacin yana saurayi, shi kuma bai taɓa koya wa kowa ba sai ita.

Daga nan hannunta bai ƙara tsayawa ba. Ta juye garin ta tankaɗe, ta nuna wa Madam Denise inda ya dunƙule. Ta haska cikin tukunyar da tocila tana neman tsatsa. Ta busa bututun, ta sauya robar wuya, ta auna sabon gari kilo shida cif. Ta ɗaure kai, ta ba shi iska har allura ta tsaya a tsakiyar kore, ta shafa ruwan sabulu a wuyan ta tsaya kallo. Babu kumfa ko ɗaya. Ta sa fil, ta ɗaure dalma, ta manna takardar shaida ta sa hannu ta buga hatimi.

Minti ashirin da biyu.

Shi kansa ba ya yin ƙasa da ashirin.

"To," in ji Madam Denise, ta cire tabarau. "Wanda ya rubuto mana ya ɓata min man mota."

Ta buɗe jaka ta zaro takarda guda, irin wadda ake yagowa daga littafin 'yan makaranta.

"Babu suna, babu sa hannu. Cewa ya yi matar da ke jikin agremar nan suna ce kawai. Wai ko kan tukunya ba ta iya kwancewa. Wai wani namiji marar takarda shi ke yin aikin duka, a zo a gani." Ta miƙa wa Hindu. "Duba ko za ki gane mai rubutun."

Hindu ta cire safar hannu ta karɓa.

Da manyan baƙaƙe aka yi rubutun, don a ɓoye hannu. Ta bi layi na farko, na biyu. A na uku idonta ya tsaya.

ESTINTEUR.

Ta gangara ƙasa. Ga shi nan kuma. Har sau uku.

Sau nawa ta gyara masa kalmar nan, sunan tukunyar kashe gobara da Faransanci, lokacin da take yi masa bitar jarrabawa? Malam, akwai x a farko, akwai c a tsakiya, extincteur. Ya ce ai shi cika ta yake yi, ba rubuta ta ba. Suka yi dariya a lokacin.

Ba ta waiwaya bakin ƙofa ba. Ta ninke takardar yadda ta same ta.

"Kin gane?" in ji Madam Denise.

"Masu jin haushin shagon nan suna da yawa, Madam."

Madam Denise ta dube ta, ta karɓi takardar.

"Ba ni jerin wuraren da kuka yi wa aiki wata ukun nan. Zan zaɓi uku in je in gani. Bayan azahar zan dawo mu rufe maganar."

Hindu ta kawo mata. Ta raka ta har mota, har da yi mata Allah ya kiyaye hanya.

Da ta dawo sai ta koma bakin aikinta, sai da rana ta take sannan ta kama ƙofar shagon ta sauke ta rabi, abin da ba a yi sai lokacin sallah.

"Malam, shigo ciki."

Ya bi ta ɗakin baya, inda ake ajiye buhunan gari. Ta tsaya ta jingina da bango, hannayenta a baya.

"Yaushe ka rubuta?"

"Me?"

"Kada ka sa in maimaita. Ina jin nauyinka har yanzu, kada ka sauke min shi."

Ya kalli buhunan. Ya kalli ƙafarsa.

"Ranar da aka kira ki a rediyo."

Ta tuna. Sati biyar da suka wuce wani gidan rediyo ya gayyace ta ta yi wa mata bayanin yadda ake kashe wutar gas a kicin. Shi ya kai ta a babur. Shi ya jira ta a waje.

"Ka kai ni, ka dawo da ni, ka ce na yi ƙoƙari. Sannan ka zauna ka rubuta wannan."

"Kin san me mai gabatarwar ya ce? Ya ce wa ya koya miki. Kika ce kin yi kwas a Yawunde."

"Na ce na fara koya a shagon mijina."

"Shagon mijina." Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Mijin ba shi da suna?"

"A rediyo kake son in kama sunanka? Ni da ko a gida ba na kamawa?"

Ya kawar da kai, ita kuwa ta ci gaba.

"Malam, ka san abin da takardar nan za ta jawo? Da kan tukunyar can bai buɗe ba, yau da hannunta za ta sauke agremar ta sa wa ƙofa kwaɗo. Me za mu ba Fatime da Isa su ci? Shagon wa za a rufe? Nawa?"

"Ban yi tunanin rufewa ba."

"Tunanin me ka yi?"

"Na ce su zo su gani. Su ga wanda ke aikin. Ko za su ce, wannan mutumin shekara goma sha shida yana yi, ba a taɓa samun tukunyarsa ta ƙi tashi ba, a ba shi takardarsa ko da bai iya rubuta sunanta ba."

"Ba haka ka rubuta ba. Ba ka ce a ba ka ba. Cewa ka yi ni ban iya ba."

Maganar ta same shi. Ya zauna a kan buhu, farin gari ya tashi ya sauka a wandonsa.

"Hindu, kin san yadda ake kirana a majalisar bakin masallaci? Mijin Madam. Hamadu mai walda, wanda ni na saya masa injinsa na farko, in na zo wucewa sai ya miƙe ya sara min, ya ce a gaida patron, wato mai shago, in an koma gida. Jiya Inna ta kira ni daga Rai Buba, ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce wai gaskiya ne yanzu a ƙarƙashin matarka kake aiki?"

"Sai ka ce mata me?"

"Na ce layi ba kyau."

Da wata rana ce da ta yi dariya. Yau ba ta yi ba.

"Ni na roƙa?" ta ce. "Ka manta ranar da suka zo da jan fenti suka yi wa ƙofar nan alama, suka ba mu wata uku? Kai ka ce in je. Ina da cikin Isa wata shida na shiga mota zuwa Ngaundere, na shiga jirgin ƙasa zuwa Yawunde, ƙafata ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Ni kaɗai ce mace a cikin maza talatin da ɗaya. Malamin da ke koyarwa ya tambaye ni ko na ɓata hanya ne, ajin ɗinki yana ƙasa. Duk na shanye, don kada a rufe maka shago."

"Na sani."

"Da na dawo da sakamako, ka tuna abin da ka ce?"

Ita ta tuna masa.

"Ka ce, ashe sun sauƙaƙa ta bana."

"Wasa nake yi."

"Ba wasa kake yi ba. Na yi kamar wasa ne don mu zauna lafiya."

Wani babur ya wuce a waje da ƙarar hon.

"Ni fa ba ƙin ki nake yi ba," in ji Dawuda, muryarsa ta yi ƙasa. "Wallahi ɗazu da kika ɗauko guduman nan, rabin zuciyata cewa take yi ku gani, ni na koya mata. Ɗaya rabin kuma addu'a take kada ya buɗe. Ban san yadda zan yi da kaina ba. In na shigo da safe na ga takardar can, sai in ji kamar baƙo na zo neman aiki."

Hindu ta janye hannayenta daga baya ta naɗe su a ƙirji.

"To bari ni ma in faɗa maka nawa, tunda yau ranar faɗa ce. Wata bakwai ina ɓoye maka abu."

Ya ɗago da sauri.

"Ina son takardar can."

"Me?"

"Ina son ta. Ina son sunana a jikinta. Kullum in ka tafi masallaci sai in tsaya a gabanta in karanta, in goge gilashin. In na ji tafiyarka sai in yi sauri in koma baya, kamar wadda ta yi sata. In an yabe ni sai in ce ai aikin Malam ne. In an kira ni Madam sai in sunkuyar da kai, don kada ranka ya ɓaci. Na gaji."

"Ashe dai."

"Ashe dai me? Shekara takwas ina cikin ɗakin nan. Garin nan ya shiga ƙirjina har likita ya ce in bari. Ni ke tankaɗe, ni ke aunawa, ni ke wanke tukwane. Kai kana gaba kana shan hannu da Alhazai. Alhaji Bobbon da ya gaishe ni da harshe biyu ɗazu, shekara takwas yana shigowa shagon nan bai san akwai mutum a bayan labule ba. Ka taɓa ɗaga labulen ka ce masa, ga wadda ta cika maka tukwanenka?"

Ta nuna labulen da hannu.

"Abin da kake ji wata bakwai, ni shekara takwas na ji shi. Ban rubuta wa kowa takarda ba."

Aka fara kiran sallar azahar a masallacin layin. Bai tashi ba. Ita ma ba ta motsa ba.

"Me ya sa ba ki faɗa mata ba?" ya ce can. "Kin gane rubutun. Na ga lokacin da kika gane."

"Don uban 'ya'yana ne ya rubuta."

"Shi ke nan dalilin?"

"Yau dai shi ke nan."

Ya sa tafin hannu ya shafe fuskarsa, ya bar farin gari a gemunsa.

"Zan gyara, Hindu."

"Akwai wani abin da ban sani ba? Faɗa min yanzu, kafin ta dawo. Ba na son in sake jin komai daga bakin baƙo."

Ya ɗauke idonsa daga kanta.

"Babu," ya ce.

Sai ga ƙarar mota a waje, da bugun ƙofar ƙarfe sau biyu.

Madam Denise ba ta jira bayan azahar ɗin ba.

Hindu ta ɗaga ƙofar. Madam Denise ta shigo, direbanta na biye da ita rungume da jar tukunya. Ya dire ta a kan tebur ya fita.

"Wuri ɗaya kawai na je," in ji Madam Denise. "Asibitin haihuwa mai zaman kansa da ke Rumde Ajiya. Tukwane tara. Na sa an fesa ɗaya a tsakar gida, ta tashi yadda ake so. Na auna sauran, babu wadda ta rage ko giram hamsin. Aikin ba shi da aibu."

"Alhamdu lillahi," in ji Hindu.

"Karanta min takardar da ke jikin wannan."

Hindu ta sunkuya. Hatiminta ne. Sunanta ne. Sa hannun ma kamar nata, sai dai jelar harafin ƙarshe ta fi tsawo.

"Kwanan wata," in ji Madam Denise.

"Sha huɗu ga Maris."

"Ina kike ranar sha huɗu ga Maris?"

Hindu ta sake duba kwanan watan.

"Ni zan tuna miki. Kina Ngaundere, taron kwana biyu na masu agrema. Kujerarki na kusa da tawa, har kika ba ni maganin ciwon kai. Mai gadin asibitin kuma ya ce namiji ne ya zo shi kaɗai a babur, ya yi aikin, ya zauna a benci ya cike takardun."

Hindu ta juya a hankali ta kalli mijinta.

Minti biyar bai cika ba da ya ce mata babu.

"Sun kira ne kina can," ya ce, ba ita yake kallo ba, tukunyar yake kallo. "Na ce zan zo. Matar da ta kira ta ce a'a, a bari sai Madam ta dawo. Asibitin da ni na rataya musu tukwanen tun ana ginin."

Ya matso gaban teburin, ya tsaya tsakanin matarsa da Madam Denise. Ya cire hularsa.

"Madam, ni ne. Ni na yi aikin, ni na ɗauki hatiminta a durowa, ni na kwaikwayi hannunta. Ba ta sani ba. Takardar ƙorafin ma ni na rubuta. Duk abin da doka ta ce, a yi min."

Madam Denise ba ta ko ɗaga gira ba.

"Na sani, Mesiye. Na ga takardun jarrabawarka guda biyu, na san yadda kake rubuta kalmar. Tun a ofis na sani."

"To ki rubuta ni ne."

"Ba ni da inda zan rubuta ka. Ba ka cikin masu agrema, ba ni da abin da zan karɓe a hannunka. Hatiminta ne, sunanta ne. Ita doka ta sani." Ta ɗan karkata kai. "Ka matsa, da Madam nake magana."

Dawuda ya tsaya da hula a hannu. Sannan ya matsa.

Madam Denise ta zaro takardu biyu ta shimfiɗa su a kan tebur, gefe da gefe.

"Wannan ta farko tana cewa an yi amfani da hatiminki ba da saninki ba, kuma daga yau kin cire Mesiye Dawuda daga ma'aikatan shagon nan. Ba zai ƙara taɓa tukunya da sunan shagon ba, ba zai riƙe makulli ba. In kin sa hannu, agremarki na nan."

Ta ɗora yatsa a kan ɗayar.

"Wannan kuma tana cewa kin ɗauki laifin. Sai in sauke takardar can in tafi da ita, a rufe shago shekara guda, asibitin da duk sauran su nemi wani."

"Madam, ki ba ni zuwa gobe."

"Da zan iya da na ba ki. Ƙarfe uku zan miƙa rahoto."

Ta cire murfin biro ta miƙa.

Hindu ta kalli mijinta. Garin na nan a gemunsa, bai sani ba.

"Hindu," ya ce a hankali. "Shagon nan da hannuna na gina shi."

"Na sani, Malam."

Ta karɓi biron, ta jawo takardar farko gabanta.

"Miƙo makullin," ta ce masa.